Sili Bakwai a Ƙarƙashin Akwatin Wuta

A gidanmu Hawainiya ake ce mini. Yaya ce ta laƙaba mini sunan tun ina ƙarami, wai kafin in ɗaure igiyar takalmi ɗaya ita ta je makaranta ta dawo. Da na girma na shiga aikin haɗa wutar lantarki, sai sunan ya biyo ni har wurin aiki, domin abin da wani zai gama a kwana biyu ni sai in kwashe huɗu a kansa. Ban taɓa jin haushi ba. Idan aka kira, amsawa nake yi.

Bara Yaya ta kama saman wani bene za ta buɗe wurin ɗinki. Kekuna goma sha biyu masu aiki da lantarki, da manyan duwatsun guga huɗu masu tururi, da ɗaki guda da aka cika da yadi har kusa da rufi. Matakala ɗaya ce tak ake hawa da sauka. A bangon da ke kan matakalar nan, daf da ƙofar ɗakin yadi, a nan ne za a kafa akwatin rarraba wuta, wanda daga cikinsa kowace waya take fita zuwa inda za ta.

Yaya ta ce ni zan haɗa shi.

Mijinta, wanda muke kira Direba saboda motar ma'aikata yake ja, bai so ba. A gabana ya faɗa, yana dariya, amma da gaske yake.

"Ki kira kamfani su yi miki a gama. Wannan ƙanen naki, kafin ya gama, yaran da za ki ɗinka wa kayan makaranta sun zama malamai."

"Ƙanena zai yi," in ji Yaya.

Maganar kayan makaranta kuwa gaskiya ce. Wata makaranta ta ba ta ɗinkin rigunan ɗalibai, kuma saura sati uku a dawo daga hutu. Ba za a ba wurin wuta ba sai mai dubawa daga ofishin kula da lafiyar gine-gine ta zo ta ga akwatin ta sa hannu. An ba mu ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Wanda ya faɗi a ranarsa, sai bayan sati biyar layi yake sake zuwa kansa. Mata goma sha biyu Yaya ta riga ta ɗauka, kowacce tana jiran ranar.

Kwana shida na yi a gaban akwatin nan. Akwai takardar ƙa'ida da ofishin yake bayarwa, na manna ta a bango da salatif, ina karantawa layi-layi da yatsa. Wayar da na sayo irin wadda robarta ba ta riƙe harshen wuta ce, sai da na yanki guntu na kai masa ashana a tsakar gida na ga ya mutu da kansa kafin na yarda da mai shago. Kowace bireka, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta idan ta yi yawa, na ba ta waya daidai ƙarfinta. Ban cusa wayoyi a magudanarsu kamar ana ɗura buhu ba, na bar musu wurin shan iska. Babu haɗi ko ɗaya da aka naɗe da salatif a ciki. Kowace waya na sa mata lamba a kai da gindi. Direba yakan leƙo da yamma ya ce, "Hawainiya, ado kake yi mata ko aure za ka kai ta?" In ce masa, "Babban yaya, ai sai ka zo ɗaukar amarya da motarka."

Ranar Laraba Baba ya zo.

Baba shekara arba'in ya yi yana wannan aikin, a hannunsa na koya. Yanzu idonsa ya yi rauni, hannun dama kuma yana ɗan rawa idan ya daɗe a sama. Ya hau matakalar nan a hankali, sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu huɗu wadda Inna ta sha cewa za ta yi tsumma da ita. Na jawo masa kujera. Ya zauna ya daɗe yana kallon cikin akwatin. Can sai ya ce, "Wace waya ta rage?"

"Ta duwatsun guga, Baba. Babbar."

"Bar mini ita."

Na kalle shi. Ya riga ya zaro filayarsa daga aljihu, wadda robar hannunta ta cinye har ƙarfe ya fito. Yaya tana bakin ƙofa, ta yi mini alama da ido, wato in ƙyale shi. Dama ina da saƙo a shagon kayan wuta, zan karɓo ƙullin da ake toshe ramukan shigar waya da shi, irin wanda wuta ba ta ci, don ko wani abu ya tashi a cikin akwati kada ya sami hanyar fita. Na tafi. Da na dawo Baba ya gama, yana goge hannu, fuskarsa kamar ta wanda aka mayar wa da shekara ashirin. Na ja wayar sau uku kamar yadda ya koya mini. Ba ta motsa ba. Na toshe ramuka, muka tashi, domin Yaya tana son kulle wurin ta je karɓo zare.

Shara ce kawai ban yi ba.

Wannan ma koyarwar Baba ce. Ba a rufe akwati sai an share ƙarƙashinsa, kuma ba a zubar da sharar sai an duba ta. Yakan ce duk abin da hannu ya yi a sama, ƙasa ta gani. Abokan aikina dariya suke yi mini idan suka gan ni tsugune ina tona ƙura da yatsa.

Ranar Alhamis tun tara ina wurin. Matan sun fara taruwa, kowacce ta zauna a gaban kekenta tana shafa shi, ana ta hira. Yaya tana kai da kawo. Direba ya nemi wani ya riƙe masa aikin safe, ya ce ya zo ganin yadda za a yi da ƙanen matarsa. Baba ma ya zo, wannan karon da rigarsa ta fita, ya zauna a kujerar jiya.

Na ɗauki tsintsiya. Guntayen roba, ƙurar bango, wani noti da na yi ta nema shekaranjiya. Sai na ga wani abu yana ƙyalli a jikin bango. Na tsuguna na tsince su ɗaya bayan ɗaya na jera a tafin hannuna. Silin jan ƙarfe ne, gajeru, ba su kai gaɓar yatsa ba, an datse su daidai wa daida. Na ƙirga. Bakwai.

Na ɗaga kai na kalli babbar wayar da Baba ya ɗaura jiya.

Babbar waya ba sanda ɗaya ba ce, siraran silin jan ƙarfe ne da yawa aka murɗe wuri guda. Idan aka zo cusa ta a bakin bireka, wani lokaci sai ta baje ta ƙi shiga. Mutanen da suka koyi aiki a zamanin su Baba, abin da suke yi shi ne su datse kaɗan daga cikin silin, su ce sun yi mata aski, sai ta shige sumul. A ɗaure, a ja, ba za ta motsa ba. Daga waje babu mai ganewa. Amma wutar da ya kamata dukansu su ɗauka, sai ta koma kan waɗanda suka rage. Wurin ya riƙa ɗumi. Bireka ba za ta faɗi ba, domin a wurinta komai daidai yake. A gidan da fitila ce da fanka, ana iya shekara ashirin ba a ji komai ba. Amma duwatsun guga huɗu, daga safe har yamma, kullum? Roba ta bushe, ta yi baƙi, wata rana ta fara wari. Kuma ga ɗakin yadi, ga matakala ɗaya.

Na duba agogo. Goma saura ashirin.

Na ja Yaya da Direba zuwa kan matakala, inda Baba ba zai ji ba, na buɗe musu hannuna. Na yi bayani a taƙaice.

Direba ya ce, "Tsaya. Ita mai dubawar za ta gani?"

"Ba lalle ba. Yana can cikin bakin bireka."

"To, alhamdu lillahi. Rufe abinka. A sa hannu, a ba mu wuta, gobe ka kwance ka gyara a tsanake, ai kai ne sarkin tsanaki."

"Idan ta sa hannu za ta ɗaure murfin ciki da hatiminta. Ba na buɗewa sai da izini."

"To jibi. To wata mai zuwa. Kai, yau za ta kama da wuta?"

"Ba yau ba."

"Ka ji ko!" Ya juya wajen Yaya. "Matar nan fa an ce ko murmushi sai ta auna shi kafin ta yi. Ta zo ta tarar da hanjin akwati a waje, wallahi juyawa za ta yi. Sati biyar. Ki tuna rigunan mutane."

Yaya ba ta kalle shi ba, ni take kallo. Na ga yadda ta damƙe gefen mayafinta.

"Hawainiya, minti nawa?"

"Idan ban yi sauri ba, ashirin da biyar."

"Idan ka yi sauri fa?"

"Yaya, ba na so in yi sauri a kan wannan."

Ta waiwaya ta kalli ɗakin. Ɗaya daga cikin matan ta zo da jaririyarta, ta shimfiɗa mata zane a gefen keke, yarinyar tana ta harba ƙafa. Yaya ta sauke numfashi.

"Buɗe," in ji ta.

Na tabbatar babu wuta a layin, duk da na san ba a ba mu ba tukuna. Na sa sukurudireba na kwance. Wayar ta fito, ga wuyanta nan a rame, gefe guda an aske shi. Ina jin idon Baba a bayana. Ban juya ba.

A daidai lokacin muka ji takun takalmi a matakala. Ko goma ba ta cika ba.

Injiniya mai dubawar gajeriyar mace ce, da tabarau rataye da igiya a wuya, da jaka mai nauyi a kafaɗa. Ta gaisa da kowa a gajarce. Ta sa tabarau, ta kalli akwatin, ta kalli babbar wayar da ke lilo a hannuna.

"Wa ke da aikin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"An rubuta mini an gama. Wannan kuma fa?"

Direba ya kafa wa rufi ido kamar yana ƙirga kwanuka. Na ce, "Na sami kuskure a aikina da safen nan. Ina gyarawa ne."

"Wane irin kuskure?"

Na miƙa mata bakin wayar. Ta juya shi a yatsunta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ka yi wa waya aski? Mutumin da ya sa wa kowace waya lamba kai da gindi?"

"Aikina ne, ranki ya daɗe. Duk abin da ke cikin akwatin nan a wuyana yake."

Sai na ji kujera ta yi ƙara. Baba ya miƙe, yana dafe da bango.

"'Yata, kada ki saurare shi, rufa mini asiri yake yi. Ni na yi. Ni ne ubansa. Jiya na roƙe shi ya bar mini guda ɗaya, ta ƙi shiga, na rage mata gashi. Haka muka taso muna yi." Ya nuna ni da hannu. "Yaron nan bai taɓa yi ba. Ban ma san inda ya koyi ƙin yi ba."

Ni kunya ce ta rufe ni, ba don kaina ba.

Injiniya ta ce, "Baba, zauna don Allah." Sannan ta juyo gare ni. "Ta yaya ka gane? An ɗaure ta, ba a gani."

Na buɗe hannuna na hagu. Ashe tun ɗazu ina damƙe da silin, har sun yi mini shaida a tafi.

"A shara na gani."

"A shara."

"Ba na rufe akwati sai na share na duba. Shi ya koya mini."

Ta kalli Baba, ta kalli silin, ta kalli agogonta. Ta ce, "Ina da wani wurin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Zan fara da soket-soket da wayar ƙasa da ɗakin can. Idan na dawo nan ban tarar da ita a wurinta ba, ka san sauran. Amma kafin nan, idan ka yanke wurin da aka aske, za ta kai? Domin ba na karɓar haɗi a cikin akwati."

Direba ya ce a hankali, "Shi ke nan, an gama da mu."

Na buɗe murfin magudanar waya ta gefe, na sa yatsu biyu na jawo. Wayar ta biyo ni, taƙi guda cur, wanda na lanƙwasa na ɓoye tun ranar da na ja ta. Kowace waya a akwatin nan tana da irin wannan rarar. Abokan aiki suna cewa ɓarnar waya nake yi.

Baba ya yi wata 'yar dariya daga kujerarsa. "Taƙi guda," ya ce. "Ashe kana ji lokacin da nake surutu."

Na yanke wurin da ya lalace. Na fere roba a hankali, ina juya wuƙa don kada ta taɓa sili ko ɗaya. Na ɗauko 'yar hular ƙarfe da ake sa wa bakin waya don ta tattare silin duka wuri guda, na zura, na duba ta kowane gefe ko akwai wanda ya leƙo. Babu. Na matse ta da abin matsewa har ya yi ƙas. Ina jin Injiniya a ɗakin yadi tana tambayar Yaya ina abin kashe gobara, ina jin Direba yana safa da marwa a bayana.

"Hawainiya, don girman Allah, yau ɗaya dai ka zama zomo."

"Babban yaya, matsa, kana tare mini haske."

Matan suka kwashe da dariya, har shi.

Wayar ta shige bakin bireka ba gardama. Na ɗaure daidai awon da aka rubuta a jikinta, ban ƙara ba ban rage ba. Na ja sau uku. Ina mayar da lambarta ke nan Injiniya ta tsaya a kafaɗata.

Ba ta yi mini sauƙi ba. Ta sa na kwance wasu guda uku da ta zaɓa da kanta, ta ga bakinsu. Ta karanta rubutun jikin robar waya da tocila. Ta danna ƙullin da na toshe ramuka da shi, ta leƙa ta ƙasa ko akwai inda haske yake shiga. Ta sa na'urarta ta yi gwaje-gwajenta tana rubutawa. Sannan ta sauka da kanta wurin mita ta ba da wuta.

"A kunna komai," in ji ta. "Duwatsun guga duka huɗu."

Kekuna goma sha biyu suka tashi lokaci guda. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Tururi ya fara tashi a teburin guga. Injiniya ta jingina da bango ta bar su suka yi minti goma sha biyar, sannan ta ɗauko na'urar auna zafi ta bi bakin kowace bireka. Da ta zo kan ta guga ta daɗe. Ta juyo da fuskar na'urar ta nuna wa Baba, ko da yake ban san ko idonsa ya gani ba.

"Lafiya lau," ta ce.

Ta ɗaure murfin, ta manna takardarta, ta zaro biro. "Sunan wa zan rubuta a wurin mai aiki? Na ga ku biyu ne."

"Nasa," in ji Baba, tun kafin in buɗe baki. "Shi kaɗai. Ki rubuta da manyan baƙaƙe."

Yaya ta juya baya tana gyara wani yadi da ba ya buƙatar gyara. Direba ya dafa kafaɗata ya girgiza ni har haƙorana suka haɗu, yana gaya wa matan cewa shi dama tun farko ya san ƙanen nan nasa ba na wasa ba ne. Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Allah ya shirye ka."

Da Injiniya za ta sauka, ta tsaya a matakala ta biyu ta ce mini, "Silin nan, ka ba ni biyu. Ina da masu koyon aiki da nake so in nuna wa." Na ba ta. Sauran biyar Baba ya miƙo hannu ya karɓa, ya naɗe su a 'yar takarda ya sa a aljihun gaba.

Muka kama hanyar gida ni da Baba. Ina tsoron ko na ɓata masa rai. Sai da muka kai ƙofa ya tsaya, yana neman makulli.

"Shekara arba'in," ya ce. "Ka san nawa na aske?"

"Baba, lokacin ba a san..."

"An sani. Ba a dai faɗa mana da ƙarfi ba, mu kuma ba mu tambaya ba."

Washegari da safe ina shan shayi sai ga shi ya fito da rigar nan mai aljihu huɗu, da tsohuwar jakarsa, da wata takarda da ya sa ƙanwata ta rubuta masa. Wurare ne, goma sha ɗaya, waɗanda ya iya tunawa ya haɗa musu manyan layuka: gidan burodi, wurin wanki da guga, injin niƙa biyu, da sauransu. Ya ajiye ta kusa da kofina.

"Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni zan yi sallama in yi bayani, tunda ni suka sani. Kai za ka buɗe."

Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Da wannan Hawainiyar? Sai baɗi ku gama."

"To, sai baɗin," in ji Baba. Ya nuna akwatin gidanmu da ke bayan ƙofa. "Gama shayinka. Da wannan za mu fara. Ke kuma miƙo mana tsintsiya."